Fashin Baƙi: Zubin Ido-Rufe a Teburin Foka, da Wanda Yake Cin Ribarsa

Duk wanda yake zama da samarinmu na Jidda da Makka ya san abu biyu ba sa barin hannunsu in an haɗu a istiraha, wato wurin hutu da hira, bayan isha'i: katin balot da waya. Balot tsohon zance ne a ƙasar nan, har gasa hukuma ta shirya masa a Riyad a 2018. Baƙon abu shi ne wanda ke cikin wayar. Gajerun bidiyoyin wasan karta ne na foka daga gidajen cacar Amurka, mutane zagaye da koren tebur, kwandalolin roba masu launi jibge a gabansu, ana ta lissafin daloli a gefen allo. Cikin waɗanda suka yi yawo sosai akwai na watan Mayun 2023, inda Tom Dwan ya kwashe kusan dala miliyan 3.1 a hannu guda, wato rabon kati ɗaya, a shirin Hustler Casino Live da ake watsawa daga Kalifoniya. In ka juya shi zuwa kuɗinmu, a kan riyal 3.75 kowace dala, ya haura riyal miliyan 11 da rabi.

A irin waɗannan bidiyoyi akwai kalmar da ba ta barin bakin masu sharhi, wato sitiradil. Tun ba a raba kati ba sai ka ga wani ya tura kuɗi gaba, ba wanda ya tilasta shi, teburin ya ɗauki shewa. Yaranmu suna ɗaukar wannan a matsayin ƙarshen jarumta. Ni da na bi lissafin, dabara na gani ta ninka girman caca ba tare da an sauya wa teburin suna ba, kuma mai tura kuɗin shi ne kan gaba wajen kwasar kashinsa a hannu.

Babu gidan caca a Saudiyya. Doka ta hana, addini kuma ya riga doka hanawa. Sai dai hanin bai tare bidiyon a bakin ƙofa ba, yana shiga har ɗakin yaro, kuma uban da bai san yadda abin yake tafiya ba, "Allah ya shirye ka" kawai zai iya cewa. Shi ya sa zan warware shi dalla-dalla.

Yadda teburin yake

Foka iri-iri ce, amma wadda ake nunawa a bidiyo galibi ita ce Tekzas Holdem. Daga jihar Tekzas ta fito, ta isa Las Begas a shekarun 1960, ta yi suna da gasar duniya da Benny Binion ya fara a gidan cacarsa a 1970. Ana yin ta ta fuska biyu. Akwai gasa, inda kowa yake biyan kuɗin shiga sau ɗaya, a ba shi kwandaloli, a yi ta yi har mutum ɗaya ya tattare duka. Akwai kuma wasan tsabar kuɗi, inda kowace kwandala kuɗi ce na gaske, ka zauna lokacin da ka so, ka tashi lokacin da ka so. Maganarmu a kan na biyun take, domin ba a yarda da sitiradil a gasa.

Tebur yakan ɗauki mutum tara. Mai raba kati ma'aikacin gidan ne, ba ya wasa. Akwai wani ɗan farin faifai da ake ajiyewa a gaban ɗan wasa ɗaya, bayan kowane hannu a matsar da shi kujera ɗaya ta hagu. Mutum biyun da ke hagun mai faifai dole ne su zuba kuɗi kafin a raba kati: na farko ƙaramin zubi, na biyu babban zubi. In ka ji an ce teburin 1/2 ne, ma'ana ƙaramin dala 1, babban dala 2. Dalilin wannan dole mai sauƙi ne. In babu komai a tsakiya, ba abin da zai hana kowa ya naɗe hannu yana jiran kati mafi kyau har gari ya waye. Zubin dole shi ne abin da ake faɗa a kai, kuma tunda faifan yana zagayawa, kowa yana ɗanɗanawa daidai da kowa.

Sai a ba kowa kati biyu a rufe. Wanda ke hagun babban zubi shi ne mai fara magana: ko ya zubar da katinsa ya fita ba tare da ya biya ko sisi ba, ko ya bi da dala 2, ko ya ɗaga. 'Yan wasa suna kiran wurin nan kujerar bakin bindiga, don shi zai yanke shawara alhali mutum takwas na bayansa ba wanda ya nuna nufinsa. Bayan an gama wannan zagaye sai a buɗe kati uku a tsakiya, sannan na huɗu, sannan na biyar, kowane da zagayen zubinsa. A waɗannan zagaye uku na baya, magana tana farawa ne daga hagun faifai, mai faifai shi ne na ƙarshe.

A riƙe wannan da kyau, don duk rigimar a kansa take: a foka, wanda ya yi magana a ƙarshe ya ga abin da kowa ya yi kafin ya motsa. Kujerar faifai ita ce ta fi kowace kawo kuɗi, kujerun zubin dole biyu kuwa hatta ƙwararru asara suke ƙirgawa a kansu in an tara lissafin dubban hannaye.

Mene ne sitiradil

Zubi na uku ne, na ganin dama. Mutumin da ke kujerar bakin bindiga, wanda doka ta ba damar duba katinsa kyauta, sai ya ce ya yafe wannan damar, ya tura ninkin babban zubi tun kafin kati ya iso gare shi. A teburin 1/2 dala 4 ke nan, riyal 15. Daga nan duk mai son shiga hannun sai ya biya 4, ba 2 ba. Mai babban zubi sai ya cika 2, mai ƙarami ya cika 3, ko su haƙura da abin da suka zuba.

Me ya saya da kuɗinsa? Abu ɗaya tak. Magana ta tsallake shi, ta fara daga na hagunsa, ta zagayo ta ƙare a kansa. Ko da kowa bi kawai ya yi ba wanda ya ɗaga, yana da ikon ɗagawa in ta iso shi. Wannan iko shi ne ake nufi in an ce zubin "mai rai" ne. A gidan da ba a yarda da sitiradil ba, mutum zai iya tura kuɗin a makance, amma za a ɗauke shi a matsayin ɗagawa ce kawai, in aka bi shi ba shi da ta cewa.

To amma wannan matsayi na ƙarshe na zagaye ɗaya ne. Da zarar an buɗe katunan tsakiya, ya koma inda yake, na uku a jerin masu magana, kuma in masu zubin dole sun fita, shi ne na farko. Zagaye ukun da ake zuba manyan kuɗi a cikinsu duk a mummunar kujera zai yi su, a kan tulin kuɗin tsakiya da shi da kansa ya kumbura.

Ɗan balot zai fi kowa gane wautar. A balot sai ka ga katinka biyar, ka ga wanda aka buɗe a tsakiya, sannan ka zaɓi salon wasan, ka ce sun ko hukum, ko ka wuce. Ka taɓa ganin wanda ya sayi sun katinsa na kife a ƙasa? In ya yi, abokin wasansa ba zai sake zama da shi ba.

Mu bi hannu ɗaya

Ga mutum da dala 200 a gabansa, riyal 750, a teburin 1/2. Ya tura 4. Tuli ya zama 7 maimakon 3. Aka raba. Mutum biyu suka zubar, na uku ya bi da 4, sauran suka zubar har zuwa mai faifai, shi kuma ya ɗaga zuwa 20. Masu zubin dole suka fita. Yanzu ne mutuminmu ya ɗaga gefen katinsa da babban yatsa: tara da huɗu, ba iri ɗaya ba. Da bai yi sitiradil ba, da tuni ya jefar da su yana kurɓar shayinsa, bai yi asarar komai ba.

Mai hankali a nan zai haƙura da dala 4. Amma zuciya ba ta son barin abin da ta riga ta zuba, sai ya ce ai kuɗina na ciki, ya cika 16. Ɗayan ma ya bi. Tuli ya zama 63, saura 180 a gabansa. Aka buɗe uku na tsakiya, sai ga tara a ciki. Shi ne mai fara magana, ya wuce bai zuba komai ba, na tsakiya ma ya wuce, mai faifai ya zuba 40. Yana da tara biyu, ya ga ba zai gudu ba, ya bi. Na tsakiya ya fita. Tuli 143, saura 140 a gabansa. Kati na huɗu yana sauka mai faifai ya ture duk abin da ke gabansa. Ga shi nan, riyal 750 ɗinsa kacokan sun rataya a kan katin da ko kallo na biyu bai cancanta ba.

Da babu sitiradil, kuma a ce ya yi gangancin shiga da katin, ɗagawar farko za ta tsaya wajen 10, tuli ya zama 33, zubi na gaba wajen 20, tuli 73, yana da sauran 170 a hannu. Akwai filin ja da baya. Sitiradil ya cinye wannan fili, kuma nan ne ainihin aikinsa.

Masu wasan ba da dala suke auna kuɗin gabansu ba, da yawan babban zubi suke aunawa. Dala 200 a teburin 1/2 babban zubi 100 ne. Da an tura 4, ya koma 50, kuma ba na mai turawar kaɗai ba, na kowa da ke teburin. Mutum ɗaya ya yanke wa takwas hukunci cewa wasan da suka zauna yi ya ninka.

Lissafin kati kuma ba ya goyon bayansa. Kati 52 suna ba da haɗi 1,326 na kati biyu. Samun biyu masu lamba iri ɗaya sau 1 ne cikin 17. Samun ikka biyu, wato kati mai harafin A, haɗin da ya fi kowane, sau 1 cikin 221, kuma shi ma in aka gwada shi da kowane irin kati har ƙarshe, kusan kashi 85 cikin 100 yake ci, ba kullum ba. Ƙwararre a kujerar bakin bindiga a teburin mutum tara bai cika shiga da fiye da hannu ɗaya ko biyu cikin goma ba. Sauran takwas ko tara ɗin duk na zubarwa ne. Mai sitiradil ya yarda ya biya ninki biyu a kan dukkan goman. Cinikin biri a sama ke nan, kuma da tsada.

A tebur na zahiri ana raba hannu wajen 30 a awa. Zaman awa 6 hannu 180 ne, zagaye 20 na mutum tara. Zubin dole na kowane zagaye dala 3 ne. Mai yin sitiradil duk sanda ta zagayo kansa yana zuba 7. Ƙarin dala 80 ke nan a dare ɗaya, riyal 300, a makance. Ba duka ne suke salwanta ba, wani lokaci zai ɗaga kati ya tarar da mai kyau, ya ci babban tuli, kuma wannan daren ne zai riƙa ba da labari. Amma tunda babban zubi na dole ma asara ne a jimlace, ba yadda za a yi ninkinsa na ganin dama ya zama riba.

Ire-irensa, da inda gidaje suka saɓa

Babu wata hukuma ɗaya da ta tsara wa duniya dokar wasan tsabar kuɗi. Kowane gida da nasa, a ƙarƙashin dokar jiharsa ko ƙasarsa, har akwai wuraren da aka hana sitiradil ɗungurungum. Kundin dokokin da Bob Ciaffone ya tattara, wanda gidaje da yawa suka ɗora nasu a kai, ya yarda da guda ɗaya ne kawai, daga hagun babban zubi, ninki biyu daidai. Abin da ake gani a bidiyo ya wuce nan nesa.

Akwai ninki kan ninki. Na hagun mai sitiradil ya tura 8, na hagunsa 16, na gaba 32, kowane yana ƙwace maganar ƙarshe daga na gabansa. A teburin da aka rubuta 1/2, in an kai 32, mai dala 200 bai fi zubi shida da 'yan kai ba. Daga nan babu sauran wasa, ko ka ture duka ko ka fita. Yawancin gidajen da kowa ke shiga suna taƙaita wannan, amma a teburan manya da ake ɗauka a bidiyo ana sakin linzami. Wasu gidajen ma ba su sa wa na farkon iyaka ba, mutum zai iya tura 50 ko duk abin da ke gabansa.

Wanda ya fi jawo gardama shi ne na Misisifi, wanda ya yaɗu a jihohin kudu na ƙasar Amurka. A nan ba sai kana bakin bindiga ba, daga wata kujerar ma za ka iya, kuma wadda aka fi yi daga ita ce ta faifai. Wannan ya sauya lissafin gaba ɗaya, domin mai faifai dama shi ne na ƙarshe a zagaye uku na baya, yanzu ya haɗa da na farkon. Ya kumbura tuli a daidai hannun da ya fi kowa matsayi. Har yanzu kuɗi ne a kan katin da bai gani ba, amma aibinsa bai kai na bakin bindiga ba, shi ya sa ƙwararru suka fi son sa.

Tambayar ita ce daga ina magana za ta fara. Wasu gidaje sun ce daga hagun mai sitiradil, kamar kullum. In mai faifai ne ya yi, to mai ƙaramin zubi ne zai fara, sai mai babba. Ka duba zaluncin: mutum biyun da aka tilasta wa zuba kuɗi, waɗanda ɗan sauƙin da suke da shi shi ne jin ta bakin kowa kafin su yi magana a zagayen farko, an ƙwace musu wannan ma. Dole su zubar da yawancin katinsu, kuɗinsu ya zama ganima. Wasu gidajen suka ga haka suka ce a'a, a fara daga bakin bindiga yadda aka saba, in an zo kan mai faifai a tsallake shi, masu zubin dole su yi magana, sannan a dawo masa. Nan ma tsugune ba ta ƙare ba. In wani ya ɗaga kafin a iso faifai fa, a tsallake shi ko ya yi magana a layinsa? Wani gida ya ce ya yi a layinsa, wani ya ce sai ƙarshe ko ta halin ƙaƙa. In kuma mai faifai da na bakin bindiga duk sun tura a lokaci guda, na wa za a karɓa? Shi ma ya danganta da gidan. A ganina tsarin da ke fara magana daga ƙaramin zubi shi ne mafi muni a duk dokokin nan, don kai tsaye yake ɗebe daga aljihun wanda aka tilasta ya zuba a na wanda dama ya fi kowa dama.

Akwai wanda suke kira mai barci, zubin makanta daga wata kujera can, wanda ba ya sauya inda magana take farawa, kuma a gidaje da dama ba ya ba mai shi ikon ɗagawa in an bi shi. Akwai kuma wanda teburi ke yarjejeniya kowa ya yi in ta zo kansa, ko a ɗaure wasu kwandaloli da roba, duk wanda ya ci hannun baya ya tura su a na gaba. Waɗannan sun tashi daga ganin dama sun koma dole.

Ƙananan dokokin da ake faɗa a kansu su ne na lokaci da na adadi. Dole a tura kuɗin ko a furta da baki kafin kati, kuma duk wanda ya riga ya leƙa katinsa ya rasa dama, in ba haka ba ai kowa sai ya leƙa tukuna. Mai raba kati zai sanar da teburi da babbar murya, don wanda bai ji ba ya jefa dala 2 zai jawo gardamar ko ya cika ko ya bar su. Sai batun mafi ƙarancin ɗagawa. Gidan da ya ɗauki sitiradil a matsayin sabon babban zubi zai ce daga 4 sai 8. Wanda ya ɗauke shi a matsayin ɗagawa ta 2 a kan 2 zai ce 6 ta isa. In gardama ta tashi, shugaban zaure ake kira, kuma maganarsa ita ce yanke.

Wa yake cin riba

Gidan caca ba ya wasa da kowa a teburin foka. La'ada yake cira daga kowane tuli, a ƙananan teburan Amurka galibi kashi 10 cikin 100 har zuwa wata iyaka ta 'yan daloli. A ce iyakar dala 5 ce. Sai tuli ya kai 50 gida zai samu cikakken rabonsa. A teburin 1/2 hannaye da yawa ba sa kai wa nan, amma da an ninka zubin farko sai su riƙa kaiwa da wuri. Gida bai zuba komai ba, bai ɗauki kasadar komai ba. Abin da kawai yake sa wasu gidajen taka birki shi ne tsoron kada ƙananan 'yan wasa su tsiyace da wuri teburin ya watse, su rasa mai biyan la'adar gobe.

Na biyu shi ne ƙwararren da ke zaune shiru. Gidaje sukan iyakance kuɗin da za a zauna da shi a ƙaramin tebur, don haka mai neman abincinsa a nan ba shi da hanyar girmama wasan sai wannan. Zai yi sitiradil sau ɗaya ko biyu da fara'a, ya yi asarar 'yan daloli da gangan, don a ce kowa ya yi. In kowa ya yi, nauyin ya rabu daidai, gaskiya ne, teburin ya zama 1/2/4 ga kowa. Amma wasa ya ninka, kuma in wasa ya ninka abin da gwani yake ci daga hannun marar gwaninta shi ma ya ƙaru. Baƙon da ya zo da niyyar wasan dala 2 ya tsinci kansa a na dala 4 ba tare da ya tashi daga kujerarsa ba.

Na uku masu shirin bidiyo. Ba wanda zai tura wa abokinsa hoton mutum tara suna zubar da kati. Manyan tuli ake so, kuma ninki kan ninki ne yake samar da su. Mai wasa a tsanake, wanda ba ya tura kuɗi a makance, ba a cika sake gayyatarsa ba. Abin da yaro yake gani a minti ɗaya an tace shi ne daga zaman awanni, na mutanen da wasunsu attajirai ne, wasu kuma da kuɗin masu ɗaukar nauyinsu suke wasa.

Kwanaki wani ɗan 'yar'uwata ya miƙo mini waya a Shari' Mansur, ya ce, "Kawu, dubi wannan, ko kati bai gani ba ya tura dubu goma. Wannan shi ne namiji." Na ce ya mayar da bidiyon baya mu ga fuskokin sauran. Biyu suna tafi, ɗaya yana bubbuga masa kafaɗa, na kusa da faifai kuwa ko murmushi bai yi ba, yana gyara kwandalolinsa a jere. Na ce, "Yaro, wancan mai shirun ka sa wa ido."

Wannan tafin shi ne injin abin. Sunansa na ganin dama, amma a teburin da bakwai suka yi, na takwas da ya ƙi zai sha baƙar magana: marowaci, matsoraci, ka zo ɓata mana wasa. Kuma ba sabon salo ba ne. Malaman tafsiri sun kawo yadda Larabawan jahiliyya suke maisir, wato cacarsu, a wannan ƙasa da muke zaune: a yanka raƙumi, a kawo kibau goma, bakwai masu rabo, uku babu komai, waɗanda ta faɗa musu babu su biya kuɗin raƙumin. Naman kuma talakawa ake rabawa, ana alfahari, wanda ya ƙi shiga a yi masa gorin rowa. Tun wancan zamani rigar kyauta da mazantaka ake sa wa caca. Aya ta 219 a Baƙara ba ta musa cewa akwai wani amfani ga mutane ba, cewa ta yi zunubin ya fi amfanin girma, sannan aya ta 90 da 91 a Ma'ida suka rufe ƙofar, suka ambaci gaba da ƙiyayya da shagaltuwa daga salla.

Hujjar gwaninta

Samarin da suka ɗan yi karatu sukan ce foka ba caca ba ce, wasan basira ne. Maganar ba ta rasa tushe ba. A 2012 wani alƙalin tarayya a Niyu Yok, Jack Weinstein, ya yanke cewa gwaninta ta rinjayi sa'a a foka, kodayake kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013 bisa wani dalili na daban. Kuma duk bayanin da na yi a sama shaida ne cewa wanda ya iya lissafi yana cin wanda bai iya ba.

Sai dai wannan bai taɓa zama ma'auni a wajen malamanmu ba. Abin dubawa shi ne kowa ya zuba nasa, ɗaya ya kwashe na saura, ba wanda ya san ko shi ne mai ci ko wanda za a ci. Ko karta da babu kuɗi a ciki, manyan malaman ƙasar nan da dama sun hana, wasu suka sassauta da sharaɗin kada ta ci lokacin salla ko ta kawo zagi. Da kuɗi kuwa ba saɓani. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka, tun a kan furucin ke nan. Sannan ko a ma'aunin masu hujjar, sitiradil ne wurin da ta fi rauni, tunda gwaninta a foka ita ce zaɓen katin da za ka shiga da shi da kujerar da za ka shiga daga ita, shi kuwa mai sitiradil ya ajiye zaɓin biyu a gefe.

Abin yana matsowa kusa da mu. A Masar akwai gidajen caca a manyan otal na Alƙahira da Sharm el-Sheikh, na masu fasfon waje. Hadaddiyar Daular Larabawa ta kafa hukumar kula da harkar a 2023, ta ba kamfanin gidajen caca na Wynn lasisi a 2024 don ginin da yake yi a Ras al-Khaima. Amma wanda ya fi kusa shi ne na waya, manhajojin da ake buɗe ƙungiya a ciki, wani dillali ya karɓi kuɗi ta bayan fage ya zuba wa mutum kwandaloli. A nan babu shugaban zaure da za a kira, mai ƙungiyar shi ne mai doka, shi ne mai la'ada, shi ne kuma mai riƙe da kuɗin kowa, kuma in ya ga dama da danna abu ɗaya zai mayar da sitiradil dole a kan teburin.

Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Saudiyya, ta 2007, a sashe na 6, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3, ko duka biyun, ga mai shirya ko yaɗa ko tallata abin da ya shafi shafukan caca. Ga ɗan'uwanmu mai zama da iƙama, shari'a irin wannan tana iya haɗawa da kora daga ƙasar. In aka ba yaro 'yan riyaloli ya liƙa adireshin irin wannan ƙungiya a Snapchat ɗinsa ko ya tura a zauren WhatsApp na unguwa, lambar wayarsa ce take jikin saƙon, mai ƙungiyar kuwa yana can wata ƙasa.